Gilashin kyamara XF 27mm f/2.8 R WR na Fujifilm: amfaninsa ga matafiyi

Mai ɗaukar hoto da ke shirin tafiya yakan fara neman gilashin da zai fitar masa da hoto mafi kaifi, amma a ganina abin da ya fi cancantar a duba shi ne gilashin da mutum zai iya ratayawa a wuya tun daga hantsi har la'asar ba tare da gajiya ta sa ya mayar da kyamarar cikin jaka ba. Da wannan ma'auni na auna XF 27mm f/2.8 R WR, wanda kamfanin Fujifilm na ƙasar Japan ya fitar a farkon shekarar 2021 tare da kyamarar X-E4, a matsayin magajin wanda ya fito a 2013.

Nauyinsa giram 84 ne kacal, tsawonsa kuma milimita 23. Idan aka ɗaura shi a jikin X-E4, wadda nauyinta giram 364 ne, su biyun ba su kai rabin kilo ba, kuma suna shiga aljihun kaftani mai yalwa. Gilashin 18-55mm mai zuƙowa, wanda mutane da yawa suka saya tare da kyamarorinsu, nauyinsa giram 310 ne, na 23mm f/2 kuwa giram 180. Ƙanƙantar tana da wata fa'ida bayan sauƙin ɗauka, domin mutanen kasuwa ba sa ɗari-ɗari da ita kamar yadda suke yi idan an nufo su da doguwar kyamara, ko da yake wannan bai ɗauke wa mai hoto wajibcin yin sallama da neman izini ba.

Faɗin abin da gilashin ke gani shi ne inda ya kamata mai saye ya tsaya ya yi nazari sosai. A kan kyamarorin Fujifilm na rukunin X, milimita 27 da ke cikin sunansa, wadda ke nuna faɗin ganinsa, daidai take da kimanin milimita 41 a ma'aunin tsohuwar kyamarar fim, wato tsakanin gilasan milimita 35 da 50 da masu hoto suka saba da su. Hoton yakan fito kusan yadda ido ya ga wurin, bai miƙe fuskar mutum ba, bai kuma matse bayansa ba. Ga layin kasuwa, ko mai sana'a tare da kayan aikinsa, ko abokan tafiya uku a bakin tasha, ban ga abin kushewa ba, kuma tsakiyar hoton yana da kaifi tun daga f/2.8, wato lokacin da ƙofar haskensa take buɗe gaba ɗaya. Sai dai wanda ya tsaya a ƙuntataccen lungun tsohon garin Agadas yana son ɗaukar hasumiyar babban masallacin tun daga tushe har ƙoli zai ga faɗin bai ishe shi ba, kuma babu wurin ja da baya. Haka nan a Hawan Daushe na Kano, mahayan da ke nesa za su fito ƙanana ƙwarai. Gilashi ne da ba ya zuƙowa, don haka ƙafar mai shi ce za ta yi aikin matsowa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan sabon samfuri shi ne toshe kafofinsa da aka yi domin hana ƙura da yayyafi shiga. Duk wanda ya san hazon hunturu ya san illar kwance gilashi a fili, domin ƙurar da ta sauka a kan farantin ɗaukar haske za ta bayyana a matsayin ɗigo a sararin saman kowane hoto. Matafiyin da ya ɗaura gilashi ɗaya ya bar shi ya huta da wannan. Amma a lura, kariyar ba ta cika sai jikin kyamarar ma yana da ita: X-T5 tana da ita, X-E4 kuwa ba ta da ita. An kuma ƙara masa zoben daidaita ƙofar haske, wanda na 2013 ba shi da shi.

Yana da rauni, kuma bai kamata a ɓoye ba. Ƙofar f/2.8 tana shigar da rabin hasken da f/2 ke shigarwa, gilashin kuma ba shi da na'urar rage rawar hannu, saboda haka hoton bayan magariba yana buƙatar hannu mai natsuwa ko kyamarar da ke da wannan na'ura a jikinta. Injin da ke saita hoton yana ɗan ƙara, abin da zai dami mai ɗaukar bidiyo. Ba ya kuma iya saitawa a ƙasa da santimita 34, don haka mai son nuna ƙananan zaren ɗinkin hula ko ƙwayar dutsen ado zai sha wahala.

Ga wanda tafiyarsa ta rana ce a cikin birane da kasuwanni, ina ba da shawarar sayensa ba tare da wani ɗar ba. Wanda ya fi yawan ɗauka da dare, gara ya jure ƙarin giram 96 ya ɗauki 23mm f/2. Farashinsa lokacin fitowa kusan dalar Amurka 400 ne, kuma mai ƙaramin ƙarfi yana iya neman na 2013 a kasuwar kayan hannu, domin tsarin gilasan cikinsu ɗaya ne, muddin ya yarda zai rasa zoben da kariyar ƙura.