Wace firamare za ku kai yaro idan tarbiyya kuke nema?

Kusan kowace firamare da za ku shiga za ta ce muku tana ba da tarbiyya. Za ku tarar an rubuta gaskiya, ladabi da riƙon amana da manyan baƙaƙe a bangon zauren taro, a takardar talla kuma ga yara nan suna murmushi riƙe da hannun juna. Wannan ba ya raba makaranta da makaranta, don fenti ba shi da tsada. Abin da ke raba su biyu ne: yadda ake bi da yaro ranar da ya yi laifi, da kuma ko iyaye na da ta-cewa ko sai lokacin biyan kuɗi ake tunawa da su. Da waɗannan biyun zan auna ire-iren makarantun da iyaye suka fi cin karo da su.

Dalilin da ya sa na raina rubutun bango tsoho ne. A ƙarshen shekarun 1920, wasu masu bincike biyu a Amurka, Hugh Hartshorne da Mark May, sun gwada dubban 'yan makaranta. Sun ba su damar satar amsa, yin ƙarya ko ɗauke 'yan kuɗi, yaran ba su san ana lura da su ba. Abin da ya fito shi ne, iya faɗin abin da ke daidai bai cika hana yaro maguɗi ba, kuma wanda ya yi gaskiya a nan yana iya yin coge a can. 'Yan aji ɗaya kuma sukan yi kama da juna wajen yawan maguɗi ko ƙarancinsa. Wato zaman ajin da kansa ne babban malami, ba jawabin da ake yi a cikinsa ba.

Iri na farko su ne makarantun da ke ɗaukar ɗabi'a guda kowane wata su yi ta juya ta. Tsarin ya yi suna ne daga firamaren West Kidlington da ke yankin Oxford a Ingila, inda Neil Hawkes ya yi shugabanci a shekarun 1990. Sun jera ɗabi'u 22, ana cinye su cikin shekara biyu. A watan haƙuri, misali, da shi ake buɗe taron safe, malami ya shigo da shi cikin darasi, a ware 'yan mintoci yara su yi shiru su yi tunani, a kuma aika wa iyaye takarda don gida ya san abin da ake ciki. Amfaninsa a fili yake: yaro ɗan shekara shida yana samun kalmomin da zai bayyana abin da ya faru tsakaninsa da abokinsa, maimakon ya kai hannu. Sharaɗin da masu tsarin suka fi nanatawa shi ne malamai su fara aikata ɗabi'ar kafin su nema daga yara, kuma a nan ne masu kwaikwayo da yawa ke faɗuwa. Sun ɗauki jerin, sun buga allunan, sun bar wuyar.

Alamar da za ta nuna muku an bar wuyar ita ce yawan kyauta. Idan kowane taimako da yaro ya yi sai an manna masa tauraro a riga, ku yi hattara. A 1973, Mark Lepper da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun yi wa wasu ƙananan yara masu son zane alkawarin takardar yabo idan sun yi zane. Bayan kwanaki, da aka bar su da alƙaluman ba alkawarin komai, sai suka rage zanen fiye da yaran da ba a yi wa alkawari ba. Ba na so ɗana ya tashi yana ɗaga wanda ya faɗi yana waigen malama ko ta gani.

Iri na biyu makarantun addini ne, kuma a ƙasashe da yawa su iyaye ke fara tunawa idan aka ce tarbiyya. Ƙarfinsu ba ƙarami ba ne. Gida da makaranta na magana da baki ɗaya, yaro ba ya jin abu da safe ya ji kishiyarsa da yamma, kuma jama'ar da za su tsaya wa makarantar suna nan tun kafin a aza tubalin farko. Amma hadda daban, hali daban. Yaro na iya kawo nassi a kan tausayi ba tuntuɓe, ya fita waje ya ƙwace abincin ƙaramin yaro. Don haka ku tambayi abin da ba a cika tambaya ba: an ɗauki malaman ne saboda sun iya koyar da ƙananan yara, ko saboda an yaba da ibadarsu kawai? Idan yaro ya yi tambaya mai nauyi, ana ba shi amsa ko ana daka masa tsawa? Yaya ake ambaton mutanen da ba addininsu ɗaya ba? Sannan batun duka, wanda bai tsaya ga makarantun addini kaɗai ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 28, ta ce horo a makaranta ya kasance ta hanyar da ba ta zubar da mutuncin yaro ba. Ni dai a ganina, yaron da tsoron bulala ke riƙe da shi ɓoye laifi ya koya, ba barinsa ba.

Iri na uku su ne masu bin tafarkin wani masani, kuma yawanci sun fi tsada. Maria Montessori ta buɗe ajinta na farko a 1907 a unguwar talakawa ta San Lorenzo da ke birnin Rum. A aji irin nata na gaske, za ku ga yaran da tazarar shekara uku ke tsakaninsu a ɗaki ɗaya, kowa ya zaɓi aikinsa ya duƙufa na kusan awa uku ba ƙararrawar da za ta katse shi. Ku tsaya ku kalli abin da ke faruwa idan yarinya ta zubar da ruwa. Ba wanda zai yi ihu. Za ta je ta ɗauko ƙaramin tsumma daga inda aka san yana rataye, ta goge, ta matse, ta mayar, wataƙila wani babba a cikinsu ya matso ya riƙe mata bokiti. Tarbiyyar ke nan, ba a ambaci sunanta ba. Matsalar ita ce a ƙasashe da yawa kowa na iya rubuta Montessori a ƙofar makarantarsa ba mai hana shi. Idan kun shiga kun ga yara sa'o'in juna a jere suna maimaita abin da malami ya faɗa, sunan kawai za ku biya wa kuɗi. Ku nemi ganin takardar horon malamar ajin, ba ta mai makarantar ba.

Makarantun Waldorf kuwa sun faro ne a 1919 a Stuttgart ta Jamus, don 'ya'yan ma'aikatan wata masana'antar taba sigari, bisa tunanin Rudolf Steiner. Malami ɗaya kan riƙe aji shekaru da dama, har takwas a tsarin asali, ana ba zane, kiɗa da aikin hannu muhimmanci, karatu da rubutu kuma sai wajen shekara bakwai ake kama su gadan-gadan. Idan kun dace da malamin kirki, zai san ɗanku ciki da bai. Idan jininsu bai haɗu ba, shekarun na da yawa. Kuma wanda ke tsammanin ƙaura nan kusa ya yi lissafi, don yaron na iya shiga wata makaranta ya tarar sa'o'insa sun yi nisa a karatu. Tafarkin yana da tasa aƙidar game da ruhin ɗan Adam, ya kamata ku karanta ku ga ko ta zauna muku kafin ku sa hannu.

Na huɗu ita ce makarantar unguwa, wadda galibi ta gwamnati ce, kuma ita aka fi rainawa. Tana da abin da kuɗi ba ya saya: yaro na tafiya da ƙafa, abokan ajinsa maƙwabtansa ne, ɗan mai hali da ɗan marar hali na zama benci ɗaya. A Japan, 'yan firamaren gwamnati da kansu ke share ajinsu da barandar makaranta, su kuma raba wa juna abincin rana bi da bi, abin da ba ya bukatar ko sisi. Babban ciwon irin wannan makaranta cunkoso ne. Gwajin da jihar Tennessee ta Amurka ta fara a 1985 ya nuna yaran da ke ajin mutum 13 zuwa 17 sun fi na ajin 22 zuwa 25 ƙoƙari a shekarun farko, musamman 'ya'yan marasa ƙarfi. Ku ƙirga kawunan da ke ajin da idonku, kada ku dogara da lambar da ke ofis.

A nan ne ma'auni na biyu ke shigowa. Joyce Epstein ta Jami'ar Johns Hopkins ta kasa shigar iyaye cikin harkar makaranta gida shida, daga taimaka wa yaro da aikin gida, zuwa aikin sa-kai, har zuwa zama a inda ake yanke shawara. Yawancin makarantu na son na farkon, suna gudun na ƙarshen. Za su kira ku ranar wasanni, su kira ku tara gudummawa, amma ranar da za a sauya dokar horo sai dai ku ga takarda a jakar yaro. Ku ce a nuna muku bayanin taron iyaye da malamai na ƙarshe. Ku tambaya: wane abu guda aka canza bara saboda iyaye sun nema? Shugaban da ke da amsa ba zai yi inda-inda ba. Ku duba kuma ƙarfe nawa ake sa taron, domin taron da ake yi da hantsi ranar aiki an riga an zaɓi waɗanda za su zo.

Iyaye na iya yin abin da ya wuce zaton hukuma. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen ƙauyen Villa Cella kusa da Reggio Emilia a Italiya sun sayar da tankar yaƙi da dawakan da sojojin Jamus suka bari, suka gina wa ƙananan 'ya'yansu makaranta da hannunsu. Sai dai shigar iyaye ma tana da nata haɗari. Akwai makarantar da iyaye uku masu baki da aljihu suka mamaye, har malama ba ta iya tsawata wa 'ya'yansu. Wannan ba jama'a ba ce, kuma yara na ganin wanda doka ba ta hawa kansa.

Masu fargabar cewa duk wannan zai ci lokacin lissafi da karatu su kwantar da hankali. A 2011, Joseph Durlak da abokan aikinsa sun tattara nazarin shirye-shirye 213 na koya wa ɗalibai sarrafa zuciya da zama da mutane, wanda ya shafi ɗalibai fiye da 270,000. Ban da gyaruwar hali, sakamakon karatunsu ma ya ɗaga.

Idan kun rage zaɓi zuwa biyu ko uku, ku koma ba ranar baje koli ba, ku nemi a bar ku ku tsaya lokacin tara. Ku ga ko akwai babba a fili ko duk malamai sun shige ofis. Ku nemi yaron da ke rakuɓe shi kaɗai a gindin bango, ku ga minti nawa za a ɗauka kafin wani ya kula shi. Ku leƙa banɗakin yara. Ku saurari muryar da shugaban makaranta ke yi wa mai shara da maigadi magana da ita, don ita yaran ke ji kullum. Sai ku tambaye shi kai tsaye: malam, idan aka ci zalin ɗana, me zai faru a ranar, wa zai kira ni, me za a yi da yaran da suka tsaya kallo? Tambayar ƙarshen na da muhimmanci. Shirin yaƙi da cin zali mai suna KiVa da Jami'ar Turku ta Finland ta tsara ya ginu ne a kan 'yan kallo, saboda mai cin zali dariyarsu yake nema. Wanda ya ce muku ba a cin zali a makarantarsa, ko bai sani ba ko ba ya so ku sani.

Da ni ne, zan ɗauki makarantar kusa da malamanta suka daɗe ba sa gudu, a kan ta nesa mai suna da kowane zango sai an ga sabuwar fuska a aji. Ku tambayi malamai nawa suka tafi cikin shekara biyun da suka wuce, kuma idan da hali ku nemi iyayen da suka cire ɗansu daga can ku ji dalilinsu.