Dattijuwar da ta yi wa marar ƙuri'a aiki a Filadelfiya

A birnin Filadelfiya na jihar Pensilbaniya a Amurka, inda Allah ya yi mana zama ni da iyalina, muƙami mafi ƙanƙanta a jam'iyyar siyasa shi ne wakilcin akwati. An kasa birnin zuwa mazaɓu 66, an kuma yanyanka mazaɓun zuwa akwatuna kimanin 1,700, kowane akwati bai wuce 'yan layukan da mutum zai zagaye da ƙafa tsakanin La'asar da Magariba ba. Manyan jam'iyyun nan biyu, Dimokurat da Rifablikan, kowacce tana da kujeru biyu a kowane akwati, kuma 'yan jam'iyyar da ke zaune a layukan su ne suke zaɓen masu hawa kujerun, sau ɗaya a shekara huɗu, ranar zaɓen fid da gwani na gwamna, kamar yadda aka yi a 2018 da 2022. Kujera ce da ba ta da albashi, ba ta da ofis, kuma sa hannun maƙwabta goma kawai ake nema kafin sunan mutum ya hau takardar ƙuri'a.

Wakiliyar akwatinmu wata dattijuwa ce baƙar fata 'yar asalin ƙasar, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, wadda ni da maiɗakina muke kira Mama domin ta haife mu. Wata Asabar a cikin Oktoba, sanyi ya fara shigowa, ta ƙwanƙwasa mana ƙofa tana rungume da takardu. Bayan mun gaisa na gaya mata cewa takardar izinin zama kawai gare ni, ban zama ɗan ƙasa ba tukuna, saboda haka ba ni da ƙuri'a. Na faɗi haka ne don kada in ɓata mata lokaci, har na riƙe ƙofa ina jiran ta wuce gida na gaba. Maimakon ta juya sai ta gyara tsayuwa ta ce, “Maƙwabcina, kada ka yarda kowa ya cika maka takardar rajistar zaɓe kafin ka yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, ko da a bakin kanti aka tare ka da ita, domin laifi ne da zai iya jawo a kore ka daga ƙasar nan.” Sannan ta tambaye ni ko akwai abin da yake damun mu a layin.

Akwai kuwa. Fitilar titi da ke kwanar gidanmu ta daɗe da mutuwa, a ƙarƙashinta kuma akwai wata mota da aka yasar, tayoyinta sun sace, gilashin baya a fashe, wasu matasa sun mayar da ita matattara idan dare ya yi. Aikin dare nake yi a lokacin, gab da Asuba nake dawowa, maiɗakina kuma ba ta iya runtsawa sai ta ji motsin makullina, kuma ban san inda ake kai irin wannan ƙara ba. Mama ta sauka daga matakalar gidanmu, ta taka har gindin fitilar, ta ɗauki hoton lambar da ke jikin turken da lambar motar, ta kira 311, layin da birnin ya ware don ƙorafin jama'a, ta rubuta lambar ƙorafin a bayan katinta ta miƙa mini. Aka gyara fitilar, motar kuwa ta ci gaba da zama, sai ta kai maganar ofishin kansilan yankinmu da ƙafarta. Ba a jima ba aka liƙa takardar gargaɗi a gilashin motar, daga baya aka zo aka janye ta. Da yammacin ranar ta sake dawowa, ba don komai ba sai don ta tambayi maiɗakina ko hankalinta ya kwanta. Na sa 'yan daloli a ambulan na ce ga na goro, ta mayar mini da hannuna cikin ladabi, ta ce ba ta karɓar kuɗin maƙwabta. Kwanon dambun nama da muka aika mata da Babbar Salla shi kaɗai ta karɓa.

Har yau abin yana tsaya mini a rai, domin duk kun san matsayin wanda ba shi da katin zaɓe a idon ɗan siyasar gida Najeriya: ko sallamarsa da ƙyar ake amsawa. Da muka saba na tambaye ta dalili, ta kuwa ba ni amsa ba tare da ɓoye lissafinta ba. Ta ce gidan da muke ciki yana cikin akwatinta, da ƙuri'a ko babu, kuma fitilar da ta haska ƙofarmu ta haska ƙofar mutum ashirin masu ƙuri'a, waɗanda duk sun san wanda ya bi maganar. Ta ƙara da cewa wata rana zan zama ɗan ƙasa, kuma zan tuna. Haka kuwa aka yi, domin makon da na yi rantsuwa ita ce ta zauna a falonmu muka duba a waya ko sunana ya shiga rajista daidai.

A nan ne na gane inda ƙarfin abin yake. Kujerar Mama a hannun maƙwabtanta take, ƙuri'u kaɗan ne suka ɗora ta, kaɗan kuma za su iya sauke ta, saboda haka idonta yana kan layukanmu kullum. Ita da takwarorinta su ne suke taruwa su zaɓi shugaban jam'iyya na mazaɓa, shugabannin mazaɓu kuma su zaɓi shugaban jam'iyya na birni, kujerar da Bob Brady yake riƙe da ita a Dimokurat tun 1986. Cherelle Parker, mace ta farko da ta zama magajiyar garin a 2024, ita ma ta jagoranci mazaɓa ta 50 kafin ta kai can.

Idan zaɓe ya matso, aikin Mama yakan ninka. A wayarta akwai jerin masu rajista na akwatin, da shekarunsu da zaɓukan da suka fita, ban da wanda suka zaɓa, domin wannan sirri ne. Tana bin gida-gida tana tuna wa mutane cewa ana rufe rajista kwana 15 kafin zaɓe. Tun da wata dokar jihar ta 2019 ta ba kowa damar jefa ƙuri'a ta gidan waya, takan zauna da tsofaffi ta nuna musu cewa dole a sa takardar a ƙaramin ambulan na ciki kafin a sa a babba, in ba haka ba ƙuri'ar ta lalace. Ranar zaɓe Talata ce, ba hutu, ba hana zirga-zirga, rumfunan kuma a makarantu da majami'u suke, wasu har a shagon aski. Daga bakwai na safe zuwa takwas na dare tana tsaye a waje, 'yan taku daga ƙofa kamar yadda doka ta ce, tana miƙa wa masu shiga takardar sunayen 'yan takarar da shugabannin mazaɓa suka goya wa baya. Bayan Azahar ta duba waɗanda ba su fito ba, ta fara kiran waya, ta aiki jikanta da mota ya ɗauko masu ciwon ƙafa. A jihar da fiye da mutum miliyan 6 suke jefa ƙuri'a, da ratar ƙuri'u kimanin 44,000 Donald Trump ya ci jihar a zaɓen shugaban ƙasa na 2016, da ratar kimanin 80,000 kuma Joe Biden ya ci ta a 2020, don haka manyan 'yan takara ba sa raina irin wannan tsayuwa.

Kada wani ya ɗauka cewa siyasar tasu wankakkiya ce. Ranar zaɓe ana raba wa wakilan akwati da masu taya su wasu kuɗi ta hannun shugabannin mazaɓu, su kansu suna kiran su kuɗin titi, kuma 'yan takara ne suke zuba su. Ana cewa na abinci ne da ladan tsayuwa, amma duk inda kuɗi suka bi ta hannun shugaba, wani abu yakan maƙale a hanya. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne zaɓen alƙalai. A jihar nan ƙuri'a ce take ɗora mutum a kujerar shari'a, sunaye rututu a takarda waɗanda ba wanda ya san masu su, har jerin sunayen ma da ƙuri'ar sa'a ake fitar da shi, kuma lauyan da yake son alƙalanci sai ya bi mazaɓu yana ba da gudummawa don sunansa ya shiga takardar da irin su Mama suke miƙawa. Maguɗi ma yana faruwa: a 2022 kotun tarayya ta ɗaure Michael Myers, tsohon ɗan majalisar wakilai, wata 30 saboda ba jami'an rumfa cin hanci su ƙara ƙuri'un bogi a kudancin birnin. Tun 1952 jam'iyya ɗaya ce take riƙe da kujerar magajin gari, kuma wannan daɗewa ta sa wasu mazaɓun sun zama gonar shugabanninsu, wakilai na nan da suna kawai, kujeru da yawa ma babu kowa a kansu. Ga tarin takardun talla da ake cusa mana a ƙofa har su hana ta rufuwa, ga saƙonnin roƙon gudummawa da ke shigowa waya ko mutum yana kan sallaya. Duk da wannan hidima, a zaɓen fid da gwani sau da yawa ko kashi ɗaya cikin uku na masu rajista ba sa fitowa.

Akwai kuma abin da yake sa ni kewar gida duk lokacin da na ga Mama tana duba waya kafin ta ƙwanƙwasa wata ƙofa. Mutanen nan ba su san juna ba. Mutum zai shekara biyar bango ɗaya da maƙwabcinsa bai san sunansa ba, ba a zuwa suna, ba a zaman makoki, ba majalisa a ƙofar gida, ba teburin mai shayi inda ake warware siyasar duniya kafin a kwanta. Da guminta take ƙulla zumuncin da mu muka tashi muka tarar da shi kyauta. A unguwarmu ta gida Najeriya ba mai buƙatar jeri a waya, domin kowane yaro ya san gidan da aka yi haihuwa da gidan da tsohuwa take kwance, mai unguwa da liman kuma sun san kowa har kakansa.

Wannan ne ya sa ɓacin raina ya fi yawa a kanmu. Najeriya tana da mazaɓu 8,809 da rumfunan zaɓe 176,846, kuma babu rumfar da ba ta da 'yan jam'iyya masu ƙwazo, amma ƙwazon nasu sama yake kallo. Shugabannin mazaɓa a gidan uban gida ake rubuta sunayensu a ce maslaha aka yi, ejan kuma sai daren zaɓe ake neman sa a damƙa masa kayan aiki, taliya da atamfa da sabulu su fito da safe. Bayan an kasa, an tsare, an raka, shi ke nan, kwata ta toshe ko taransifoma ta ƙone, ba wanda zai ce wannan akwatina ne, ni zan bi maganar. Ba abin mamaki ba ne da masu fita zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Kuma ba za mu ce ba mu gaji wannan aiki ba. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, teloli da 'yan koli da malaman zaure ne suka ɗauke ta a kafaɗa, suna sayen kati da kuɗinsu, suna shan duka da ɗauri, Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da dama a kan haka. Da irin wannan bin gida-gida PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Kano da Kaduna a 1979, ba da buhunan shinkafa ba.

Na yi wannan magana a waya da ƙanina, wanda yake zama ejan a rumfar ƙofar gidanmu duk zaɓe. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Yaya, ita tana da fansho, ni kuwa ko aikin yi ba ni da shi. Kuma idan na shiga gidan mutane hannu rabbana, tun daga zaure za a tambaye ni me na kawo.” Gaskiya ya faɗa, kuma maganarsa ta nuna cewa laifin bai tsaya a kan 'yan takara ba, mu masu zaɓe mun koya wa junanmu miƙa hannu. Sai dai yunwar ba ta fi ta zamanin kakanninmu ba, kuma abin da Mama ta yi mini bai ci mata ko sisi ba, ƙafa ce da waya da naci.

Na roƙe shi ya sayi littafi ya rubuta gidajen akwatinmu ɗaya bayan ɗaya, da waɗanda ba su karɓi katinsu ba, da tsofaffin da ba sa iya takawa zuwa rumfa, sannan ya tara sa hannun magidanta a kan maganar rijiyar burtsatsen da ta lalace, ya kai wa kansila, ya riƙa komawa har a gaji da ganin sa. Na ce kuɗin mota da katin waya suna wuyana, amma ba zan aiko da ko naira ɗaya ta rabo ba. Ya ce in ba shi lokaci ya yi shawara da Baba da mai unguwa tukuna, domin kada shugaban mazaɓa ya ɗauka kujerarsa yake nema.