Asibitin ciki da ya raba ni da kwalin maganin olsa na kemis

Shekara hudu ina fama da abinda muke cewa olsa, zafin kirji, gyatsa mai tsami, da daddare kamar an zuba min garwashi a saman cibiya, azumi kuwa ba'a magana. Duk sanda ya motsa sai in leka kemis din layinmu a bani kwalin nan mai magani kala uku, omifirazol da amoksisilin da kilaritromaisin, in sha kwana uku ko hudu in ji sauki in jefa ragowar a durowa. Sau nawa nayi haka? wlh na kasa kirgawa. To watannin baya kanwata da take aikin jinya ta matsa min sai naje wani karamin asibiti mai zaman kansa anan Kano da suke duba ciki da hanta kawai, shine nace bari in rubuta yadda na same su, mai dadi da mara dadi.

Mara dadin tukunna. Jira. An ce min karfe tara, ban ga likita ba sai bayan azahar, kujerun basu kai mutanen ba, wasu a tsaye a baranda rana na dukansu. Na'urar cire kudi ba sabis, sai da na fita titi na nemo mai POS. Kudin ganin likita ma ba na talaka bane gaskiya, kuma ba wanda ya fada min a waya cewa kudin awo daban ne, sai da nazo gaban kanta. Ita kuma yarinyar da take bada kati kamar an mata dole, tambaya daya amsa rabi.

Amma ina shiga wajen likitar raina ya sanyaya. Mace ce, ba ta taba biro ba sai da ta gama tambayoyi, kuma tambayar da tafi nanatawa itace, "Malam, wane maganin kashe kwayoyin cuta ka taba sha? ko na mura ne ko na taifot, fada min duka." Na fara lissafi ina dariya, daga baya dariyar ta dauke. Flagyl duk sanda cikina ya juya, tun ina yaro haka ake mana a gida. Azitromaisin lokacin korona, har sau biyu. Sifro kuwa duk zazzabin da aka ce taifot ne. Tace to ai kai ka dade kana koyawa kwayar cutar yadda zata kare kanta.

Bayanin nata shine ya biya ni kudina. Kwayar da take yawan kawo olsa sunanta Helicobacter pylori, a cikin majinar da ta lullube bangon tumbi take zama, tana fitar da wani sinadari da yake kashe kaifin ruwan tsamin ciki a kewayenta shi yasa ba ta konewa. Yawanci tun yarinta ake dauka, ta ruwa ko abinci ko cudanyar gida daya. Wasu likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren ne suka gano ta a 1982, ba'a yarda dasu ba har Marshall ya kurbi ruwan kwayar da kansa a 1984 ya kamu, sai a 2005 aka basu kyautar Nobel. Ni kam ko nawa za'a bani ba zan sha ba. Abinda ya shafe ni shine, azitromaisin da kilaritromaisin 'yan gida daya ne, in kwayar ta saba da daya to dayan ma sai ta rika bijire masa, haka sifro da lebofuloksasin da ake ajiyewa don zagaye na biyu in maganin farko bai ci ba. Kuma shan kwana hudu a ajiye, masu rauni kawai yake kashewa, ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Har Hukumar Lafiya ta Duniya a 2017 ta saka wannan kwayar mai bijirewa kilaritromaisin a jerin wadanda ake bukatar sababbin magunguna dominsu.

Na dauko takardar awon jini da nayi bara a wani lab na nuna mata, tace wannan awon ba ya bambance wanda yake da cutar yanzu da wanda ya taba yi ya warke, tambarin da cutar ta bari kawai yake gani a jini. Nasu awon bahaya ne ko na numfashi. Kuma bata bari anyi min ranar ba, tace in daina omifirazol sati biyu, maganin kashe kwayoyin cuta kuma sai an yi sati hudu rabona da shi, in ba haka ba sakamako zai iya cewa babu alhali tana nan ta lafe. A raina nace ga kudi a hannu sun ce in tafi in dawo, wani wajen da tuni an karbe. Wannan kadai yasa na yarda dasu. Sati biyun nan dai na ji jiki, ruwan magani mai kwantar da zafin kirji kawai ta yarda in sha.

Sakamako ya fito akwai. Ta rubuta min hadin magani hudu na kwana 14, omifirazol, bismot, tetirasaikilin, da metronidazol wato shi Flagyl din dai. Nace Likita ba kince ta saba da wannan ba? tace eh a kasashenmu na Afirka bijirewa metronidazol yayi yawa sosai, amma in aka hada shi da bismot aka bada cikakken adadi aka cika kwanaki, yana aiki duk da haka, sabanin kilaritromaisin da in ta bijire masa kwalin gaba daya ya tashi aiki. Ta zana min jadawali a takarda da hannunta, na safe na rana na yamma na dare, ta gargade ni bahaya zai yi baki har harshe ma, kar in tsorata bismot ne, kar in hada tetirasaikilin da madara ko nono, kuma in rabu da daikulofinak da ibufurofin da nake sha in bayana na ciwo don suma suna kwakular ciki. Fura da nono dai haka na hakura da ita, a tsakiyar zafin nan.

Kwana 14 din ba wasa. Bakina kamar na tsotsi tsohon kwabo, tashin zuciya, kwayoyi cike da tafi, a kwana na shida na kusa yin halin nawa. Sai ga kira daga asibitin, wata nas tace "Malam ya jiki, ana dai sha ko?" Kunya ce ta sa na karasa wlh. Bismot din ma ba su dashi a kantin maganinsu, sai da na zaga shago uku, wannan ya kamata su gyara, ka rubuta magani kuma baka ajiye ba.

Wani abu da babu shi, ba sa noma kwayar a dakin gwaji su ga takamaimai wane magani ne yake kashe ta, wannan sai an zura na'urar hangen ciki an ciro dan nama, tace in wannan zagayen bai ci ba zata tura ni babban asibiti. Ta kuma ce in naga bahaya baki kamar kwalta ba tare da bismot ba, ko aman jini, ko rama ba dalili, kar in jira ranar dawowa.

Sati hudu bayan na gama na koma aka sake awon bahaya, an sake biya mana, an sake jira, wannan karon na tafi da kujerata ta roba a bayan mota. Babu. Daga biyar na basu hudu, dayan mai bada kati da POS suka cinye. Jibi zan kai Hajiya, itama durowarta cike take da ragowar kwalaye.