Shanu Dubbai, Babu Ko Ludayin Nono

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ga bayanin da kika nema game da zamana a gandun shanun da ke yankin Barkly, a arewacin Ostareliya, inda na dawo bayan shekara huɗu ina aikin jinya a wani babban asibiti a birnin Birisben.

Abin da zai fi ba ki mamaki shi ne shanun nan dubbai ne, yawancinsu irin Brahman masu tozo kamar namu, amma ban taɓa ganin an tatsi ko ɗaya ba. Don nama kaɗai ake kiwonsu, kuma ba sa ganin mutum sai ranar da aka koro su da jirgi mai saukar ungulu, saboda haka madarar gari da ta kwali muke sha, ni da na saba 'yar Fulani ta kawo mana kindirmo har ƙofar gida. Nama kyauta ne ga ma'aikata, sai dai harbe saniyar ake yi, shi ya sa nake sayo na halal daskararre daga birnin Darwin da tsada.

Cefane ba na aiken yaro ba ne, domin gari mafi kusa, Tennant Creek, tafiyar awa huɗu ce. Jirgin wasiƙu yakan zo sau ɗaya a mako da ɗan ganye, sauran kaya kuwa tirela ke kawowa, kuma dole a cika sito kafin damina, wadda ke faɗowa daga Disamba zuwa Maris ta toshe hanyoyi.

A harkar lafiya ne na sara musu. Akwai hukumar likitocin da ke zuwa da jirgin sama, da wani fasto mai suna John Flynn ya kafa a garin Cloncurry a 1928, wadda ta ajiye mana akwatin magani, kowane magani da lambarsa, likita ya faɗi lambar ta waya ni kuma in bayar. A asibitin birni ƙararrawa kawai nake dannawa likitoci su taru, amma daren da doki ya kayar da wani matashi ya karye a cinya, ni kaɗai na riƙe shi awa uku har jirgi ya sauka da hasken fitilun motoci, kuma ba wanda ya tambayi kuɗi kafin a ɗauke shi.

Kilishin da kika ce za ki aiko, don Allah ki bari, jami'an filin jirgi ƙwacewa za su yi. A gaida Inna.