Inshorar rai a Legas: yadda ake yanka farashi da wadda ta cancanci kuɗinka

Wakilan inshora a Legas yawanci kaya iri biyu suke tallatawa, kuma wanda suka fi matsa wa mutum a kansa shi ne mafi tsada.

Na farko inshorar wa'adi ce zalla. Ka zaɓi shekara biyar, goma ko ashirin. In rai ya yi halinsa cikin wa'adin, a biya iyalinka kuɗin da aka rubuta. In ka kai ƙarshe da ranka, ba ka da ko kwabo. Ana lissafin farashin a kan kowace naira dubu. A ce an yanka maka naira 5 a kan dubu, kana son a bar wa iyali miliyan 10, ka ga naira 50,000 ke nan a shekara. Ma'aunin yana hawa da shekarunka, hawan jini, ciwon suga, shan taba da irin sana'arka. Direban tanka a Apapa ba zai biya daidai da mai shago a Agege ba. In kuɗin ya yi kauri, sai an tura ka gwaji asibiti. Biyan wata-wata kuma, in aka tara, ya kan haura biyan shekara gaba ɗaya.

Na biyu shi ne wanda aka haɗa da ajiya, wato a ƙarshen wa'adi a mayar maka da wani abu. Yana da daɗin ji, amma kuɗin da za ka zuba ya ninka na farko, kuma duk wanda ya ga yadda naira ta faɗi tun 2023 ya san miliyan ɗin da aka yi masa alkawari nan da shekara goma sha biyar ba miliyan ɗin yau ba ne. In kuma ka fasa a shekarun farko, abin da za ka karɓa ba ya kai abin da ka zuba, wani lokacin ma babu komai. Ga ɗan kasuwar Mile 12 da jarinsa ke juyawa kullum, ta wa'adi ta fi.

Mai gudun kuɗin ruwa yana da takaful na iyali, wato inshorar rai bisa tsarin Musulunci. Noor Takaful da Jaiz Takaful suna da lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya. Wani kaso na kuɗinka yana shiga asusun taimakon juna, kuma in an samu rara ana rabawa. Ba lallai ya fi araha ba, don haka ka tambayi kaso nawa kamfani ke cirewa ladan wakilci. Ma'aikacin kamfani kuwa ya fara dubawa a ofis, domin dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki yi masa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba.

Inda mutanenmu suka fi yin asara shi ne wajen karɓa. Mu kan yi jana'iza a ranar, wani ma a gida ya cika, ba takardar likita. Kamfani kuwa zai nemi shaidar mutuwa, da rahoton 'yan sanda in hatsari ne. Sai a gaya wa iyali tun yanzu su nemi takardun nan, su kuma san inda takardar inshorar take. Sunanka da ranar haihuwarka a takardar inshorar su yi daidai da na NIN. Kada a ɓoye ciwo a fom, don da shi za a kafa hujjar ƙin biya. Kuɗi kuma a tura shi asusun kamfani a karɓi rasit, kada a damƙa wa wakili a hannu, domin a doka in kuɗin bai shiga ba, babu inshora.