Littafin awoyin matuƙin jirgi: na takarda ko na waya?

Matuƙin da ke tashi daga Garwa, Marwa ko Njamena ya san lasisi ba ya tsayawa da ƙafarsa sai da littafin awoyi. A ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, awa 40 ake nema ga mai tuƙi don kansa, 200 ga mai tuƙin haya, 1500 ga mai son zama kyaftin a jirgin fasinja, kuma a cikin 1500 ɗin nan sai an ga awa 100 na dare da 75 na tuƙi da na'urori zalla. Jami'in CCAA a Yawunde ko na ADAC a Njamena, hukumomin sufurin jiragen sama na Kamaru da Chadi, ba ya karɓar "wallahi na yi". Shafi zai buɗe.

Ni dai na takarda nake sa wa a gaba, mai bango mai tauri, wanda aka ɗinke shafukansa da zare, irin na kamfanin Jeppesen ko Pooleys. Ɗinkin nan shi ne darajarsa: ba a cire shafi ko a cusa wani ba tare da ya nuna ba. Kafin ka biya, buɗe ka duba layukan. A samu gurbin kwanan wata, wurin tashi da sauka da lokacinsu, irin jirgi da lambarsa (TJ- na Kamaru, TT- na Chadi), sunan kyaftin, saukar rana da ta dare, awoyin dare, matsayinka a jirgin, da gurbi dabam na na'urar koyon tuƙi. Wanda aka tsara bisa FCL.050, ƙa'idar Turai ta rubuta awoyin tashi, duk yana da su. Sa hannun malaminka da hatimin makaranta a nan suke zama. Ka rubuta da biro baƙi na gargajiya, don tawadar ruwa tana yaɗuwa da zufar watan Afrilu. Kada ka ajiye shi a ƙasan akwati jikin bango, gara ba ta san lasisi ba. Leda mai zif ta ishe shi ƙurar hunturu da ruwan Agusta.

Na waya mataimaki ne. Cikin manhajojinsa, LogTen sai kana da kayan Apple. ForeFlight kuɗin shekara ne da dala, ya yi yawa ga mai neman littafi kawai. MyFlightbook kyauta ne, amma ya fi jin daɗi inda intanet ba ya yankewa. CrewLounge PILOTLOG yana hawa kwamfuta da waya, ba laifi. Amfaninsu na gaske biyu ne: suna lissafa awoyin dare da kansu, kuma suna tuna maka tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 kafin ka ɗauki fasinja. Wanda ba ya barinka ka fitar da bayananka a fayil irin CSV da PDF, wanda wata manhaja za ta iya buɗewa, rabu da shi.

Wajen haɗa tsofaffin littattafai ne ake yin ɓarna. Ka tara jimillar kowane shafi, ka kai ta saman na gaba, ka duba cewa awoyin kyaftin da na mataimaki da na koyo sun haɗu sun ba da jimilla ɗaya. Tarkon farko shi ne minti da ɗigo: awa ɗaya da rabi 1:30 ne ko 1.5, wanda ya rubuta 1.3 ya zubar da minti 12. Na biyu agogo: ana rubutawa da UTC, agogon bai ɗaya na duniya, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, don haka tashin ƙarfe 00:30 na dare a Njamena na jiya ne a littafi. Awoyin na'urar koyo ba sa shiga jimillar tashi. In ka yi kuskure, ja layi ɗaya, gyara, sa hannu. Kada ka shafe da farin ruwan gyara. Duk shafin da ke da hatimi ka ɗauki hotonsa, ka ajiye a wuri biyu.

Sai maganar awoyin biro, wato na ƙarya, waɗanda alƙalami ya tashi, jirgi yana ƙasa. Akwai masu zuwa wa matashin da ya rage masa awa 50 da cewa za su cike masa shafi har da hatimi. Ƙanena, gudu. Kowane jirgi yana da nasa littafin tafiya, kamfani yana da jadawalin aiki, hasumiyar ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, tana rubuta tashi da sauka. Layi ɗaya aka ɗauka aka gwada, aka ga jirgin yana gareji an kwance injinsa a ranar, duk littafin ya mutu, har awoyin halal. A 2020 ministan sufurin jiragen sama na Pakistan ya ce lasisin matuƙa 262 cikin 860 akwai shakka a kansu, Turai ta rufe wa kamfanin jirgin ƙasar ƙofa. Haka kuma ka yi hattara da mai cewa zai shigar maka da tsohon littafi cikin kwamfuta da araha: kada asalin littafin ya kwana a hannunsa, hoto za ka ba shi, kuma ka bi jimillar shafi bayan shafi kafin ka biya. Kyaftin da ya bar ka ka ja jirgi a ƙarƙashin kulawarsa, karɓi sa hannunsa da lambar lasisinsa tun kuna filin jirgi, don in ya koma wani kamfani nemansa aiki ne.