Gargaɗi ga mawaƙa: a kula da masu "mastarin mai araha" na Instagram

Salam jama'a. Don Allah duk wanda yake harkar waƙa, mawaƙi ne ko makaɗi ko mai situdiyo, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa wanda bai taɓa gani ba waƙarsa da kuɗinsa.

Akwai wasu shafuka da suke yawo yanzu a Instagram da TikTok, wai su injiniyoyin sauti ne a Landan ko Legas, za su yi maka mastarin, wato gyaran sauti na ƙarshe kafin waƙa ta fita, a kan dubu 10 kuma gobe ka karɓa. Hotunan situdiyo ne ras a shafin, manyan sifiku, wuta ja da shuɗiya, ga bidiyon "kafin da bayan aiki" wanda idan ka kasa kunne da kyau ƙara kawai aka ɗaga a na biyun.

Yaran ƙungiyarmu ne suka faɗa hannun ɗaya daga ciki. Waƙa ce da aka sha wahala a kanta, kalangu da gurmi dukkansu da hannu aka kaɗa su, ga 'yan amshi, an gama miksin tsaf, wato haɗa muryoyi da kiɗa, mastarin kawai ya rage. Mutumin ya ce a turo masa MP3 ta WhatsApp, a biya kuɗin gaba ɗaya tukuna, kuma sunan da ke akawun ɗin daban da sunan shafin, wai na manajansa ne. Da aikin ya dawo wallahi sai da raina ya ɓaci. A waya da iyafis za ka ji kamar ta yi ƙarfi, amma da muka saka a mota sai ga muryar 'yan amshi tana tsagewa duk inda suka ɗaga, kalangun nan da yake magana ya koma wani daf-daf, gurmin kuwa sai ka neme shi. Matse waƙar kawai ya yi ya ƙure ƙara. Aka ce ya gyara, ya ce sai an ƙara kuɗin gyara, da aka matsa masa sai bulokin.

To ku sani, mai aikin gaskiya WAV zai nema, wato fayil mai cikakken sauti, yawanci 24-bit, kuma waƙar minti 4 a haka tana kai MB 60, ita kuwa MP3 ɗin da ake yawo da ita 'yan MB kaɗan ce saboda an riga an zubar da wani ɓangare na sautin, ba ya dawowa. Zai kuma ce maka kar miksin ya kai ƙurewa, a bar masa wuri. Ƙure ƙarar ma ba riba ba ce, Spotify yana daidaita waƙoƙi a wajen -14 LUFS a ma'aunin ƙarar sauti, wato zai rage taka ya bar ka da tsagewar.

Abin da ya fi damuna ma ba dubu 10 ɗin ba ne. Waƙar da ba ta fita ba tana hannun ɗan damfara, zai iya ɗora ta a Audiomack ko Boomplay da wani suna, ko ya yi mata rajista ta wani kamfanin rarraba waƙa, ranar da ka saka bidiyonka a YouTube sai Content ID, tsarinsu na gano mai haƙƙin waƙa, ya ce ai ta wani ce. Gumin naka fa!

In kuɗi ne babu, shafin haɗa waƙa na BandLab yana da mastarin na na'ura kyauta, ba zai kai na mutum mai kunne ba amma ba wanda zai cuce ka. In mutum kake so, ka tambayi masu situdiyo na kusa da kai wa suke ba wa aiki, ka ce ya yi maka samfur na sakan 30, ka rage ƙararsa daidai da na asali ka saurara a waya da mota, sannan rabin kuɗi, sauran sai aiki ya zo. Masu amfani da Fiverr kuma, shafin da ake ɗaukar masu aiki ta intanet, kar ku yarda a ja ku waje a ce ku yi tiransifa kai tsaye, a ciki ne ake riƙe kuɗin har ka amince da aikin.

Wanda aka riga aka yi wa, ya ajiye rasit da hotunan hirar da fayil ɗin asali na situdiyo, ya kai ƙorafi bankinsa da wuri, ya kuma yi rifot ɗin shafin. A tura wa gurup-gurup na mawaƙa don Allah.